Gansakuka: Daga Kanal ɗin Bakolori Zuwa Akwatin Kifi

Duk wanda ya ratsa filayen da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura a tsakiyar bazara, sa'ad da ƙasar tudu ta bushe ƙayau, ciyawa ta ƙare, rana kuwa ta yi zafin da ba a iya taka yashi ba takalmi, lalle zai yi mamakin ganin shinkafa kore shar a dama da hagu, ga masara, ga albasa, ga tumatir, alhali an yi wata shida ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba. Wannan ni'ima ta fito ne daga madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gina a kan gulbin Sakkwato cikin ƙasar Maradun, ruwanta kuwa yana bin babban kanal na siminti, ya rarrabu cikin ƙanana, har ya kai ga ɗan lambatun da manomi yake buɗewa da fartanya. Amma in mutum ya sauka daga abin hawa ya tsuguna a bakin ruwan, zai ga wani koren dabam wanda ba wanda ya shuka shi. A inda ruwa yake gudu, dogayen zare ne masu santsi suka kama siminti suka miƙe suna kaɗawa. A magudanan da ke kwashe rarar ruwa daga gonaki kuwa, inda ruwa yake kwance ba motsi, wani kauri ne ya rufe fuskar ruwan, da rana tsaka yana tsattsafo da ƙananan kumfa, in an sa sanda an ɗaga shi sai baƙar laka mai wari ta biyo baya. Wannan ita ce gansakuka, wadda kowane yaro ya sani, domin da wuya a sami wanda ya yi wanka a tafki bai taɓa zamewa a kanta ba.

Dalilin ɗauko zancenta shi ne, wani abin ƙawa ya fara shigowa garuruwanmu, watau akwatin gilashi da ake cika wa ruwa, a shimfiɗa masa yashi, a dasa tsirran ruwa, a saki ƙananan kifaye masu launi domin kallo da sanyaya rai. Waɗanda suka ajiye shi, kukansu kusan ɗaya ne: mako biyu ko uku na farko abin gwanin ban sha'awa, daga nan sai gilashi ya fara dusashewa, ganye ya yi gemu, ruwa ya koma kore har ba a ganin kifin da aka saya da tsada. Abin da mai akwati yake fara tambaya shi ne sunan maganin da zai zuba. Ni kuwa a ganina tambayar ta kauce tun daga tushe, gama gansakuka ba annoba ba ce da ta faɗo daga waje. Shaida ce kawai, tana bayyana cewa haske ko abinci ya wuce abin da mazauna ruwan suke iya ci, ko kuwa ruwan ya daɗe bai motsa ba. Wanda ya kashe shaida bai kashe shari'a ba. Hukuncin nan kuwa ɗaya ne, ko a akwati mai cin lita 60, ko a tafkin da ya ci dubban kadada.

Ya kamata a fara da gulbin, yadda yake a da, da yadda ya koma. Kafin a datse shi, gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya biyo ta Gusau, yakan cika ya batse a watan Agusta da Satumba, ya malala cikin fadama ya bar mata sabuwar laka, mutane su ci shinkafa, in ruwa ya janye su dasa kayan rani a kan danshinsa. Sa'an nan da rani ya tsage, sai ya tsinke ya zama kududdufai nan da can, sauran cikinsa yashi ne tsantsa ana tafiya a kai. Ambaliyar nan tana wanke abin da ya taru, bushewar nan kuma tana ƙone abin da ya tsira, saboda haka ba wani tsiron ruwa da yake samun damar zama shekara guda cur a wuri ɗaya. Cikin shekarun 1970, sa'ad da kuɗin man fetur ya cika hannun gwamnatin tarayya, aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya aikin gina madatsar, aka gama ta cikin 1978. Tsawon bangonta ya haura kilomita 5, tafkin da ya kwanta bayanta ya rufe wajen kadada 8,000, yana ɗauke da ruwa kimanin mita miliyan 450 ta ma'aunin cika, niyya kuwa ita ce a shayar da kadada 23,000. Ba za a ambaci Bakolori a tsallake abin da ya auku cikin watan Afrilu na 1980 ba, yayin da manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanyoyi suna neman diyya, aka turo musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka zubar da jini a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ƙirga ɗaruruwa. Allah ya ji ƙansu.

Abin da ya shafi mas'alarmu a nan shi ne, madatsar ta sauya ɗabi'ar ruwan. Wanda a da yake zuwa da ƙarfi ya tafi, yanzu ya zama mazauni, yana tafiya a hankali cikin kanal marar zurfi, rana tana dukansa tun daga hantsi har la'asar, yana kuma ratsa gonakin da ake watsa wa yuriya da kamfa sau biyu a shekara. Mafi yawan filin an tsara shi ne a kan injunan feshi masu aiki da lantarki, waɗanda ba su yi ƙarko ba, har ya zama sashen da ruwa ke gangarawa da kansa ne kaɗai ya ci gaba da aiki, shi ma laka da ciyawa suka riƙa cin ƙarfinsa shekara bayan shekara. Da aka zo gyara ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi cikin 2014 da kuɗi kusan dala miliyan 500 domin Bakolori da wasu manyan filayen noman rani na Arewa, yashe kanal da magudanai yana cikin manyan ayyukan da aka sa a gaba. Mutanen Haɗejiya da Nguru sun ga irin wannan a nasu ruwan: bayan da aka gina madatsar Tiga cikin 1974 da ta Challawa cikin 1992, ruwa ya daina yankewa da rani, sai kachala ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye wuraren su da na noma, ta kuma zama makwancin tsuntsayen jan baki masu cin hatsi. Kachala ba gansakuka ba ce, amma ƙofar da suka shigo ta ɗaya ce.

Ita gansakuka jinsi ce mai yawa, wasu zare, wasu ƙura-ƙura da ke yawo cikin ruwa ido ba ya rarrabe ɗaya daga ɗaya, ba su da saiwa, ba su da ganye, ba su da fure, amma suna yin abin da kowane koren tsiro yake yi, watau su karɓi hasken rana da iskar kabon su gina jikinsu, su saki iskar oksijin. Kumfan nan da ake gani da rana tsaka ita ce. Bukatarsu uku ce, haske da abinci da lokaci, abincin kuwa mafi girmansa naitirojin ne da fosfaras, su ne dai abin da ke cikin buhun taki, da kashin dabba, da ruwan wanke-wanke. Irinsu yana ko'ina, cikin ƙura, a jikin ganye, a hannun mutum, ba mai iya hana shi shiga ruwa. Matan gida sun riga masu ilmin kimiyya gane wannan: farar jarka in aka bar ta da ruwa a tsakar gida, kwana kaɗan sai cikinta ya yi kore, baƙin tanki kuwa yana shekara a kan rufi da ruwan rijiya ɗaya bai yi ba, bambancin kawai hasken da ɗaya ta bari ya shiga, ɗaya ya hana.

Malaman fiƙihu ma ba su bar ta ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasarmu, asali shi ne ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya jirkita da wani abin da aka saba rabuwa da shi, ba a kawar da hadasi da shi. Amma Shehu Halil cikin Muhtasar ya ware ruwan da ya jirkita da abin da aka haifa daga cikinsa, masu sharhi kuwa suka ba da misali da gansakuka, suka ce irin wannan ruwa yana nan bisa tsarkinsa, ana alwala da shi, ana wanka. Hikimar a fili take, domin da an ƙuntata, da mutanen da ba su da ruwa sai na tafki sun shiga mashaƙƙa. Abin lura kuma shi ne, waɗannan malamai, ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera madubin da ke nuna ƙananan halittu, sun ɗauki gansakuka a matsayin 'yar ruwan ce, ba baƙuwa ba, wanda shi ne daidai.

Sai dai hukuncin tsarki dabam, hukuncin sha dabam, kuma shari'ar da ta sauƙaƙa alwala ita ce ta hana mutum cutar da kansa. Akwai wani jinsi mai launi tsakanin kore da shuɗi, wanda a hakika dangin bakteriya ne, yakan taso a ruwa mai ɗumi mai yawan taki ya kwanta a sama kamar an zuba fenti, wasu ire-irensa kuwa suna fitar da dafin da ke lalata hanta. Cikin watan Agusta na 2014, a birnin Toledo na Amurka, wanda yake shan ruwan tafkin Erie, aka hana mutane wajen 400,000 shan ruwan famfo har kusan kwana uku saboda wannan dafi, aka kuma gargaɗe su kada su ce za su tafasa, domin tafasawa ba ta kashe shi. Makiyayin da ya ga bakin tafki ya yi irin wannan launi a ƙarshen rani, gara ya kora garkensa gaba. Ba dukan dangin ne mugaye ba fa: a ƙasar Kanem ta Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna tace wani iri daga tafkunan kanwa, su shanya shi a kan yashi, su sayar a kasuwa ana miya da shi, shi ne kuma Turawa suke sayarwa yau cikin kwalabe da sunan abincin ƙara lafiya.

To, mu koma ga akwati. Wanda ya fara rubuta yadda za a zaunar da kifi da tsiro cikin gilashi ba tare da ruwa ya lalace ba, wani masanin haɗa magunguna ne a Landan mai suna Robert Warington, cikin 1850. Ya saka jajayen kifi biyu ƙanana da wani tsiron ruwa mai dogon ganye cikin kwalba mai cin galan 12, abu ya tafi daidai, har tsofaffin ganyaye suka fara ruɓewa, kore ya lulluɓe gilashin, ruwa ya gurɓace. Bai zuba magani ba, 'yan dodannin koɗi ya saka, suka cinye ruɓaɓɓen ganyen da koren, ruwa ya washe. Watau mas'alar gansakuka tare aka haife ta da akwatin kifi, kuma amsar farko da aka ba ta, ita ce a nemo wanda zai ci rarar. Kusan shekara ɗari da hamsin bayan haka, Takashi Amano na Japan, wanda ya rasu cikin 2015, ya shahara a duniya da shirya akwatunan da suke kama da daji a ƙarƙashin ruwa, shi ma abin da ya dogara a kai tsiro ne mai yawa, da haske a kan ƙa'ida, da wata ƙaramar jatan lande mai kiwon gansakuka, wadda yanzu ake kiranta da sunansa.

A ƙasarmu farkon abin da ke kayar da mai akwati shi ne haske, domin littattafan wannan fanni an rubuta su ne a ƙasashen da rana take rowa, mu kuwa tamu ba ta san rowa ba. Akwatin da aka ajiye kusa da taga, ko da sa'a guda ce rana take taɓa shi da hantsi, ya riga ya sha abin da ya fi ƙarfin tsirransa. Wurinsa shi ne lungun ɗaki mai inuwa, a ba shi fitilarsa sa'a shida zuwa takwas a yini, a kuma tsare lokacin, kunnawa da kashewa, kada ya zama yau sa'a uku gobe goma sha biyar. A nan wutar nefa take yin ɓarna iri biyu, gama in ta ɗauke tsiro ya yi yunwar haske, in ta dawo da tsakar dare fitila ta kwana a kunne ba wanda ya sani. Manyan tsirrai suna bukatar kwanaki kafin su saba da kowane sauyi, gansakuka kuwa cikin sa'o'i take juyawa, saboda haka duk rashin tsari ribarta ne. Ƙaramar fitila mai aiki da batirin sola, wadda ba ta da ƙarfi amma ba ta saɓa alkawari, ta fi babba mai bin son ran nefa.

Na biyu shi ne abinci, a nan kuwa laifin na ƙauna ne. Maigida ya ba kifi kafin ya fita, uwargida ta ga sun taso suna buɗe baki ta ce yunwa suke ji ta ƙara, yara su dawo daga makaranta kowa ya barbaɗa nasa, baƙo ma in ya zo a ba shi ya jefa don ya ga yadda suke wawa. Kifi ba ya cewa ya ƙoshi. Abin da bai ci ba ya nutse ya ruɓe, wanda ya ci ya fito ta kashi da ta matsefin numfashinsa a matsayin amoniya, ita kuwa amoniya dafi ce ga kifi, kuma tana tayar da gansakuka. Ƙa'ida ita ce mutum ɗaya ya riƙe ciyarwa, sau ɗaya ko biyu a yini, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. A cikin soson matacin ruwa da tsakanin yashi akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da suke juya amoniya ta koma naitiret, wadda ta fi sauƙin illa, tsiro kuma yana sha. Amma kafin su yi yawan da za su iya aikin sai an yi mako huɗu zuwa shida, wannan ne sababin da ya sa sabon akwati ya fi kowane saurin lalacewa, musamman in an cika shi da kifi ranar farko. Kuskuren da ya yawaita shi ne, mai akwati ya ga kore, ransa ya ɓaci, ya kwashe kome ya wanke da sabulu, ya shanya yashi a rana, ya sake zubawa. Da haka ya hallaka ma'aikatansa, ya mayar da kansa ranar farko. Soson mataci cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin ake matse shi, a mayar.

Na uku tsiro, shi ne kuwa babban makami, domin shi da gansakuka akushi ɗaya suke ci, wanda ya riga sa hannu shi ke ƙoshi. Akwatin da aka dasa wa tsiro biyu don ado bai yi kome ba. Tun ranar farko ake cika shi, a fifita masu saurin girma, tun da su ne masu zuƙe abinci. Kainuwa, wadda take yawo a kan tafkunanmu ba mai kula ta, tana aiki biyu, saiwarta tana shan taki, ganyenta yana yin inuwa, sai dai a riƙa rage ta kowane mako kada ta rufe sama ɗungum. Wani abin sha'awa, ɗaya daga cikin tsirran da suka fi yaɗuwa a akwatunan duniya ɗan Afirka ta Yamma ne, ana kiransa Anubias barteri, an sa masa sunan Charles Barter, masanin tsirrai da ya biyo Dakta Baikie cikin tafiyarsa ta kogin Kwara, ya rasu a Raba ta ƙasar Nufe cikin 1859. Tsiro ne mai haƙuri, yana jure zafi da ƙarancin haske, amma da yake a hankali yake girma, in aka sa shi ƙarƙashin fitila kai tsaye ganyensa ne zai fara yin ɗigo-ɗigon kore, don haka inuwar wani tsiro ake ba shi.

A nan akwai gargaɗin da ya wajaba a kan mutumin Mafara da Bakura da Maradun fiye da na Landan. Warington ya ɗebo dodon koɗinsa daga kududdufi bai ji tsoron kome ba. Mu kuwa ƙananan dodannin koɗin da suke maƙale a ciyawar kanal da tafki, a cikinsu ne tsutsar tsargiya take girma kafin ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa, ta sa shi fitsarin jini. Kada mutum ya kwaso su ya kai ɗakin da yaransa za su riƙa tsoma hannu. Tsiron da aka ɗebo daga kanal ko tafki a wanke shi sarai, a tsince ƙwai masu kama da majina da ke manne a bayan ganye, a ajiye shi cikin bokiti shi kaɗai na wasu makonni ana dubawa, sa'an nan a dasa.

Sauran aikin na hannu ne da juriya. Kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan da siririn tiyo, ana bin saman yashi ana kwashe dattin da ya kwanta, a kankare gilashi, a naɗe zaren gansakuka a jikin tsinke a fitar, a yanke ganyen da ya riga ya baƙanta. Ruwan da za a mayar shi ma abin dubawa ne: na famfo a bar shi ya kwana a buɗe, na rijiyar da ke kusa da masai ko gonar taki kuwa yakan zo da naitiret ɗinsa, har ya zama mai akwati yana ciyar da abin da yake yaƙa. Da hunturu a rufe akwatin. Ƙurar da take zuwa mana daga gabas, mai yawa daga cikinta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, farin garin da ke wurin kuwa gawarwakin ƙananan gansakuka ne na dubban shekaru, yana ɗauke da fosfaras da ƙarfe, har masu bincike suka nuna iska tana tsallakar da shi teku ya zama taki ga dajin Amazon. Abin da ya ciyar da wannan daji ba zai kasa ciyar da lita 60 ba. Da bazara kuma, yayin da zafin gari ya haura digiri 40, ruwan akwati yakan wuce 28 ɗin da yawancin tsirrai suke so, su yi laushi, oksijin ya ragu, gama ruwan da yake riƙe miligiram 9 a kowace lita a zafi 20, ba ya riƙe fiye da 7 da rabi a zafi 30. A rage awannin fitila, a rage abinci, a sa fanka ta riƙa kaɗa fuskar ruwan.

Launin gansakuka yana faɗin inda aka yi sake. Ƙasa-ƙasa mai kama da ƙura, wadda yatsa yake sharewa, ta sabon akwati ce, takan tafi da kanta. Dogon zare kore alamar haske ne ya yi yawa. Baƙin gemu a gefen ganye yakan biyo tarin datti da tangal-tangal na iskar kabon. Shimfiɗa mai santsi mai warin laka, wadda take ɓarewa kamar fata, ita ce 'yar bakteriyar nan, tana son inda ruwa ba ya motsi. Ita da koren ruwa, maganinsu duhu ne: a canja rabin ruwa, a lulluɓe akwatin da bargo kwana uku ba leƙe, mataci yana aiki, a buɗe a sake canja ruwa, manyan tsirrai suna da ajiyar da za su jure, su kuwa ba su da ita. Amma in ba a gyara sababin ba, bayan mako biyu za ta dawo. Maganin kwalba shi na sa a ƙarshe, da gangan. Mai yawa daga cikinsa sinadarin jan ƙarfe ne, yana kashe dodon koɗi da jatan lande, yana raunana tsiro, kuma gansakukar da ya kashe gaba ɗaya tana ruɓewa ne cikin ruwan, ta shanye oksijin, ta saki abincin da ta tara domin 'yan baya. Masu kiwon tarwaɗa da karfasa sun san wannan da kuɗinsu: koren ruwa kaɗan alheri ne, karfasa tana kiwo a kai, amma in ya yi kauri har mutum ya tsoma hannu zuwa gwiwar hannu bai ga tafinsa ba, to, da dare gansakukar da ta yini tana ba da oksijin ita ce take juyowa tana sha, da asuba sai a tarar da kifi sun taru a sama suna haki.

Ga babban ruwa kuwa, hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga Kanada. Cikin 1973 David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani ƙaramin tafki a lardin Ontario gida biyu da labulen roba, suka zuba wa kowane ɓangare kabon da naitirojin, ɗaya kaɗai suka ƙara wa fosfaras. Ɓangaren da ya sami fosfaras ya koma kore kamar miya, ɗaya yana nan garau. Wannan gwaji ya taimaka ƙwarai wajen sa ƙasashe da dama su rage fosfaras cikin sabulun wanki da ruwan ƙazanta. Sai dai kada mai akwati ya ɗauki darasin a karkace ya ce zai hana tsirransa abinci ɗungum, domin a akwatin da aka cika da tsiro, yunwa tsiron take fara kayarwa, gansakuka kuwa da ɗan abin da ya rage ma tana rayuwa. Manomin Bakolori shi darasin ya fi shafa kai tsaye. Takin da aka watsa a kan ruwa mai gudu, ko aka zuba gaba ɗaya alhali shinkafa ba ta isa shanye shi ba, ko aka sa yau aka buɗe ruwa ya fice gobe, ba shinkafa ya ciyar ba, magudana ya ciyar, da kuɗin manomi, a zamanin da buhu ya yi tsadar da kowa ya sani. A raba shi kashi biyu ko uku, a rage ruwa kafin a watsa, a toshe mafita na 'yan kwanaki.

Yashe kanal yanzu ana ƙoƙarin ɗora ƙanana a wuyan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, manya kuwa suna hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, kuma ra'ayina shi ne aikin ya fi kyau a yi shi kaɗan-kaɗan kowace kaka da ƙarshen rani, da a jira shekara goma a nemo rance a kawo katafila. Rufe ruwa na ɗan lokaci tsakanin noma da noma, domin kanal ya bushe rana ta gasa shi, yana mayar da wani abu daga aikin da gulbi yake yi da kansa a da, yana kuma rage dodon koɗi. Akwai kuma abin da ake yawan gani bayan gayya: an sha wahala an fito da ciyawa da laka da gansakuka, sai a tara su tsibi-tsibi a kan gaɓar kanal ɗin a tafi, ruwan farko ya wanke su ya mayar inda aka ɗebo su. Wannan tsibi taki ne da aka riga aka biya kuɗinsa sau ɗaya. In aka ɗora shi a amalanke aka kai gona nesa da gaɓa, aka bar shi ya ruɓe tare da kashin shanu, zai shiga ƙasa kafin shukar damina.